Ruwa, Iska ko Sifirin: Wace Igwa Za Ka Ɗora wa Ƙaramin Jirgin Yaƙinka?

Mafi yawan masu fara ƙera ƙaramin jirgin ruwan yaƙi da gangar jirgin, wato jikinsa da ke zama cikin ruwa, suke farawa. A yanka filawud, a shafe, a yi fenti, sai jirgi ya tsaya tsaf sannan a fara tunanin yadda igwa za ta yi harbi. Nan ne aikin ke lalacewa, domin igwar ce ke yanke girman jirgi, da faɗinsa, da batirin da zai ɗauka, har ma da wurin da za a iya sa shi a ruwa. Don haka kafin zarto ya taɓa katako, sai an zaɓi ɗaya cikin hanyoyi uku: igwa mai feso ruwa da famfo, igwa mai harba ƙwallo da matsattsiyar iska, ko igwa mai sifirin irin ta bindigar wasan yara.

Akwai hanya ta huɗu da ke zuwa wa kowa a rai, wato albarushi, ko kan ashana, ko garin nokawut. A ajiye ta gefe tun yanzu. Wuta a cikin gangar da aka rufe, ga gam, ga fenti, ga batir, ba ta da wani amfani sai ƙona aikin wata uku cikin minti ɗaya, kuma siririn bututu yana iya tsagewa a fuskar mai ɗura shi. Ban da haka, duk abin da ke harbi da albarushi ya bar sahun kayan wasa ya koma abin da hukuma ke da magana a kansa. Ko masu gasar nutsar da jirage a Amurka da Ostareliya, waɗanda suka fi kowa nisa a wannan fanni, da iska suke harbi.

Lissafin da ke gaban komai

Jirgi ba ya ɗaukar abin da ya wuce nauyin ruwan da gangarsa ta ture. Idan aka rage tsawo sau 144, wato ma'aunin 1:144 da aka fi amfani da shi a wannan wasa, nauyi yana raguwa sau 144 har hawa uku, kusan sau miliyan uku. Jirgin yaƙin Bismarck na Jamus, wanda aka nutsar ranar 27 ga Mayun 1941, tsawonsa mita 251 ne, faɗinsa mita 36, nauyinsa da cikakken kaya wajen tan 50,000. A ma'aunin 1:144 zai fito mita 1.74 a tsawo, santimita 25 a faɗi, kilo 17 a nauyi. Dreadnought na Ingila na shekarar 1906, mai tsawon mita 160 da faɗin mita 25, zai fito mita 1.1, faɗi santimita 17, nauyi kilo 6 da 'yan kai. Admiral Graf Spee na Jamus, mai mita 186, zai ba da mita 1.3 da kilo biyar da rabi, amma ya fi Dreadnought siranta, santimita 15 kawai.

Mu dawo gida. NNS Aradu na rundunar ruwan Nijeriya, wanda aka ƙera a Hambug ta Jamus ya fara aiki a 1982, tsawonsa mita 125 ne da ɗoriya, faɗi mita 15, nauyi tan 3,360. A ma'aunin 1:144 kilo ɗaya da ɗan abu kacal zai iya ɗauka, har da nauyin gangarsa. A 1:96 ya koma mita 1.3 da kilo 3.8, a 1:72 kuma mita 1.74 da kilo 9. Wanda ke son Aradu mai harbi sai ya bar 1:144, in ba haka ba babu inda zai sa komai.

A gwada raba kilo shidan Dreadnought a gani. Ganga da daɓen sama za su ci wajen kilo 1.8. Batirin nan mai bolt 12 da ake sa wa na'urar riƙe wutar kwamfuta, mai lamba 7Ah, ya ɗan haura kilo 2, kuma dole a kwantar da shi a gefensa domin tsayinsa na santimita 9 da rabi ya yi wa gangar yawa, faɗinsa na santimita 6.5 ne ke shiga. Moto biyu da sandunan farfela gram 600, kayan rimot da wayoyi gram 300, gine-ginen sama da bututun hayaƙi gram 400. Abin da ya rage wa igwa da duk tarkacenta bai wuce kilo ɗaya ba. Wannan kilo ɗayan shi ne filin da hanyoyin uku za su yi takara a kansa.

Sai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Bakin igwar Bismarck santimita 38 ne, wanda a ma'aunin 1:144 ya zama milimita 2.6, na Dreadnought kuma milimita 2.1. Babu ƙwallon harbi mai wannan ƙanƙanta da zai yi tafiya. Mafi ƙanƙantar ƙwallon ƙarfe da masu gasa ke harbawa milimita 4.5 ne, ƙwallon robar bindigar yara kuwa milimita 6. Duk igwar da ke harba ƙwallo, bututunta zai yi kauri ninki biyu ko uku na yadda ya kamata, kuma ido yana kamawa daga nesa. Ruwa ne kaɗai ke bi ta ramin milimita ɗaya. Mai son jirginsa ya yi kama da na gaske sak, wannan kaɗai ya isa ya karkata shi.

Igwar ruwa

Zuciyarta famfon wanke gilashin mota ne, wanda ake samu wajen masu sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari ko Tudun Wada a nan Zariya, sabo ko na hannu. Bolt 12 yake so, yana jan amfiya biyu zuwa huɗu, nauyinsa bai fi gram 100 ba. Yana da hali guda da ya kamata a sani: ba ya zuƙo ruwa da kansa, tura wanda ya riga ya shigo masa kawai yake yi. Dole a zaunar da shi a ƙasan ganga, ƙasa da inda ruwan waje ke tsayawa, ta yadda ruwa zai cika shi da kansa. Idan aka ɗaga shi ko da santimita biyu sama da layin ruwa, sai a ji yana kuka babu abin da ke fita. Wanda gangarsa ba ta da zurfi sai ya nemi ɗan famfo mai fatar roba a ciki, irin R385, wanda ke zuƙa da kansa ya ba da kusan lita ɗaya da rabi zuwa biyu a minti, sai dai feshinsa yana zuwa da ɗan tsinkewa.

Bakin fitar ruwa shi ne sirrin nisa. Rami mai milimita 1.5 da ruwa ke fita a gudun mita 10 a daƙiƙa yana shan kusan lita ɗaya a minti, kuma feshin kan kai mita huɗu zuwa biyar kafin ya watse. Daga nan ake gane kuskuren da aka fi yi: a jona duk bututu takwas na Bismarck, ko goma na Dreadnought, da famfo ɗaya. Ramuka takwas za su nemi lita takwas a minti, famfon ba shi da su, sai ruwa ya riƙa dalala a kan daɓe. Ƙa'idar ita ce a haɗa faɗin ramukan a lissafa. Ramuka biyu masu milimita ɗaya-ɗaya daidai suke da rami ɗaya mai milimita 1.4. Famfo ɗaya, ɗakin igwa (akwatin da ke juyawa da bututun igwa) ɗaya mai baki biyu, sauran su zama na ado. In ana son na baya ma ya yi harbi, a ba shi nasa famfon.

Ana yin bakin da sabuwar allurar sirinji mai lamba 16, wadda raminta ya kusa milimita 1.2. Sabuwa daga kyamis, ba wadda aka taɓa yi wa wani allura da ita ba. A yanke tsinin da ƙaramin zarto, a goge bakin da lallausar samfefa har ya yi santsi, domin ɗan ƙarfen da ya lanƙwashe a baki shi ke raba ruwa gida biyu. Sai a zura ta cikin bututun ado mai kaurin milimita 3, a riƙe da gam mai haɗi biyu irin Araldite.

Abubuwa uku ke kashe wannan igwa, kuma na farkonsu ruwanmu ne ke jawo shi. Ruwan kududdufi da na bakin kogin Kubanni ko Galma da damina yana ɗauke da laka da gansakuka, ramin milimita ɗaya kuwa ƙwayar yashi guda ta ishe shi. A rufe mashigar ruwan da yankin rariyar shayi ta ƙarfe daga waje, sannan a sa ƙaramar matatar man babur a kan tiyo tsakanin mashiga da famfo. Mashigar ta kasance a tsakiyar ƙasan jirgi, ba kusa da farfela ba, inda kumfa ke shiga ya yanke wa famfo ruwa. Na biyu, idan famfo ya tsaya, ruwan da ke cikin tiyo yana komawa ƙasa, sai harbi na gaba ya yi jinkirin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ɗan bawul mai hana komowa, irin wanda ke kan tiyon wanke gilashin mota, yana magance wannan. Na uku shi ne mai nutsar da jirgi: ka huda ƙasan ganga da hannunka, in tiyo ya zame daga mashiga, ruwa zai cika jirgin cikin 'yan mintuna. Kowace mahaɗa da ke ƙasa da layin ruwa a ɗaure ta da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye biyu, a murɗe da filaya.

Famfon gilashi ba a yi shi don dogon aiki ba, daƙiƙa goma zuwa sha biyar a jere ya ishe shi. Wannan ma alheri ne, domin feshi mai tsawo kama da motar kashe gobara yake yi. Gajeren feshi na sulusin daƙiƙa shi ke kama da harbi, kuma ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni, Arduino Nano, yana iya yanka shi haka duk lokacin da aka taɓa maɓalli.

Wani abin mamaki: ruwa ya fi ƙwallo girgiza jirgi. Ƙwallon ƙarfe mai rabin gram da ya fita sau ɗaya ba ya motsa jirgi mai kilo shida ko kaɗan. Feshin ruwa kuwa turi ne mai ɗorewa, kamar an ɗora gram 18 ana turawa ta gefe. Ga Dreadnought ba komai ba ne, amma siririn jirgi mai kilo ɗaya zai karkata, hancinsa ya kauce daga abin da aka nufa.

Igwar iska

Ita ce mai ba da ƙara, mai huda kwali daga nesa, kuma ita masu gasa ke amfani da ita. Su jiragensu da gangan ake rufe gefensu da katakon balsa mai kaurin da bai kai milimita ɗaya ba don ƙwallo ya huda, ruwa ya shiga, famfon kwashe ruwa ya yi ta fama har jirgi ya nutse ko ya tsira. Iskar da suke amfani da ita CO2 ce, irin gas ɗin lemon kwalba, ana rage mata ƙarfi da na'urar daidaita matsi zuwa abin da bai wuce bar 10 ba (bar ma'aunin matsi ne).

Tsarin bai da wuyar fahimta. Akwai tankin iska, akwai ɗan ƙaramin ɗaki mai ɗaukar kamar mililita 5 da ke cika kafin kowane harbi, akwai bawul mai aiki da lantarki da ke sakin iskar, sai ma'ajiyar ƙwallaye da bututu. A gindin bututun akwai zoben roba da ke riƙe ƙwallo har matsi ya taru a bayansa. Duk wahalar igwar iska a wannan zobe take. Ya matse da yawa, iska ta tsere ƙwallo na zaune. Ya saki da yawa, ƙwallaye uku su fito tare ba ƙarfi, ko su gangaro da kansu idan jirgi ya sunkuya. Ana saita shi da noti mai matse shi a hankali, kwatan zagaye-kwatan zagaye, kuma saitin safiyar hunturu ba ya yin aiki da ranar Afrilu, saboda roba tana taurare da sanyi ta yi laushi da zafi. Ramin bututu ya fi ƙwallo faɗi da kamar kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita. Ya wuce haka, iska ta bi ta gefe.

A nan zaɓi ya sake rabuwa biyu, kuma yanayin Zariya yana da bakin magana. Ƙaramar kwalbar CO2 mai gram 12 tana ba da iska kusan lita shida da rabi, wanda a lissafi ya kai harbi 130 a matsin bar 10, a aikace kuma ƙasa da haka saboda yoyo da abin da ke zama cikin tiyo. Amma matsin da ke cikin kwalbar kanta bar 57 ne a zafin digiri 20, ya haura 70 a digiri 30, kuma daga digiri 31 iskar ba ta ƙara zama ruwa-ruwa a ciki, sai matsi ya riƙa hawa da sauri. Watannin Maris da Afrilu a nan zafi yana wuce digiri 35 a inuwa, balle cikin gangar jirgi mai fenti ruwan toka da aka bari a rana. Ga shi kuma kwalbar da na'urar daidaita matsin duk sai an yi odarsu daga nesa, in ta ƙare wasa ya tsaya. Idan aka kwantar da kwalbar, ruwan CO2 yana shiga na'urar ya daskarar da zobban roba su tsage, don haka sai an jingina ta bakinta na kallon sama, abin da gajeruwar ganga ba ta cika ba da dama ba. A ganina, ga mai zama a Zariya, CO2 wahalarta ta fi ribarta.

Iskar famfon keke ta fi dacewa. A samo bawul ɗin tayar mota wajen mai faci, a dasa shi a murfin sabuwar robar lemon kwalba mai gas ta rabin lita, a hura da famfo mai agogo zuwa bar 4, kada a wuce. Robar ruwan sha ba ta yi, ba a yi ta don matsi ba, haka duk robar da ta karce ko ta lotse. Daga bar 4 zuwa bar 2, inda harbi ke fara rauni, akwai iska kamar lita ɗaya, wadda a lissafi ta kai harbi 60, a aikace a sa ran rabin haka. Wanda ke son tanki mai ƙarko sai ya je wajen masu gyaran firij su toshe masa bututun jan ƙarfe mai kaurin milimita 22. Santimita 30 na ɗaukar kusan mililita 90, ya fi ƙarami amma ba ya tsoron rana. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne tara iska a bututun roba na masu aikin famfo. Idan ya fashe ba tsagewa yake yi ba, tarwatsewa yake kamar kwalba. Kowane tanki kuma a fara gwada shi cike da ruwa, a hura shi ya ɗan wuce matsin aiki yana cikin bokiti a rufe, domin tanki mai ruwa in ya gaza tsiyaya kawai yake yi.

Batun abin harbawa, boris ɗin keke yana ko'ina: na cibiyar tayar gaba milimita 4.76 ne mai nauyin gram 0.44, na baya milimita 6.35 mai fiye da gram ɗaya. Samuwarsa ba dalili ba ne. Boris yana tsalle a kan ruwa kamar yadda faffaɗan dutse ke yi, ya tafi inda ba a nufa ba, kuma bakin ruwa a garin nan ba ya rabuwa da yara, da masu wanki, da dabbobi. Ƙwallon roba mai milimita 6 da gram 0.12 ya fi sauƙin haɗari, amma shi ma a matsin bar 3 yana iya fita da gudun da ya haura mita 50 a daƙiƙa, wanda ya isa ya lalata ido. Masu gasa ba sa barin kowa ya tsaya bakin ruwa ba tabarau na kariya, har 'yan kallo. Wanda ba zai iya tabbatar da haka a wurin da yake wasa ba, igwar iska ba tasa ba ce, komai ƙwarewarsa.

Duka kayan, tanki da bawul da tiyo da ma'ajiya, kan kai gram 400 zuwa 700 ga ɗakin igwa guda. Dreadnought zai ɗauka da ƙyar, Bismarck zai ɗauki biyu cikin sauƙi, Aradu sai a 1:72.

Igwar sifirin

Jan hankalinta arha ne: a sayi bindigar wasan yara mai batir irin wadda ke cika kasuwa da Sallah, a farke ta a ciro injin. Moto ne ke jan sifirin baya ta haƙoran giya, ya sake shi, ya tura iska a bayan ƙwallo. Babu tanki, babu yoyo. Amma araha ba ta ado. Injin dogo ne a miƙe, kuma dole ya kasance a layi ɗaya da bututu, wato a saman daɓe, inda nauyi ya fi cutar da jirgi. In aka saukar da shi ƙasa aka lanƙwasa bututu, rabin ƙarfin ya tafi a kwana. Giyarsa ta roba ce, sifirin ɗin yana tsatsa bayan shiga ruwa biyu ko uku, kuma ƙwallaye na gangarowa ne da nauyinsu, jirgi na tangaɗi sai su maƙale. Inda kawai take da ma'ana shi ne babban jirgi mai igwa ɗaya a gaba, kamar Aradu mai igwar milimita 127, a ma'aunin 1:72, inda za a ɓoye jikin injin a ginin da ke bayan igwar, a haƙura da juyawa mai faɗi.

Juya ɗakin igwa

Kowace hanya aka zaɓa, abin da ke kai ruwa ko iska dole ya bi ta tsakiyar inda ɗakin ke juyawa. Ana yin mazaunin da guntayen bututun roba biyu, ɗaya cikin ɗaya (a nan bututun masu famfo yana da amfani, tunda babu matsi). Na waje a manne shi da daɓe ya ɗago kamar santimita ɗaya don ruwan da ya hau daɓe kada ya zuba ciki, na ciki ya ɗauki ɗakin, a shafa giris tsakaninsu. A ƙasa a bar tiyo ya yi lanƙwasa mai tsawon santimita 10 zuwa 15 don ya samu inda zai murɗe. Tiyon ruwa mai laushi ne, ba ya gardama. Tiyon iska mai milimita 4 yana da tauri, yana tura ɗakin ya koma inda ya fito, shi ya sa igwar iska ke bukatar injin juyawa mai ƙarfi.

Injin juyawar shi ne sarbo, ɗan moto mai giya da ke juyawa ya tsaya daidai inda rimot ya umarce shi. Ga igwar ruwa, MG90S mai giyar ƙarfe da nauyin gram 13 ya wadatar. Ɗan'uwansa SG90 mai gram 9 giyar roba gare shi, igwa ta bugi wani abu sau ɗaya haƙora sun zube. Ga igwar iska sai MG996R mai gram 55, wanda ke iya jan amfiya biyu da rabi idan ya maƙale. Kada a sayi irin mai zagayawa ba tsayawa, bai san inda yake ba, ba za a iya mayar da igwa tsakiya daga nesa ba. Yawancin rimot, har da FlySky FS-i6 mai tasha shida, digiri 90 kawai suke juya sarbo in ba a ƙara saiti ba. A sa giya babba a kan sarbo, ƙarama mai rabin haƙoranta a kan ɗakin, sai juyawa ta ninka. In an ƙara saitin sarbo ya kai digiri 120, ɗakin zai juya digiri 240, wanda ya isa. Igwogin gaske ma ba sa zagayowa su kalli ginin jirginsu.

Sarbo yana cin digiri 60 cikin abin da bai kai kwatan daƙiƙa ba, kuma igwa mai fizga haka tana ɓata kamannin jirgi gaba ɗaya. Manyan igwogin jirgin yaƙin Iowa na Amurka digiri 4 suke juyawa a daƙiƙa. A ma'aunin 1:144 lokaci yana gudu sau 12, wato digiri 48 a daƙiƙa, kusan digiri ɗaya a kowane kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa, abin da layi kaɗan a Arduino ke yi. Da wannan lissafin ne kuma ake samun gudun jirgin: Dreadnought mita 0.9 a daƙiƙa, Bismarck mita 1.3. Ɗaga baki sama da ƙasa kuwa a bar shi a aikin farko. Igwar ruwa a kafe ta a digiri 15 zuwa 20, ta ƙwallo kuma a kwance ko ma ta ɗan sunkuya, don abin da ta harba ya ƙare cikin ruwa kusa.

Akwai cuta guda da ke kama duk hanyoyin: a danna harbi, sai igwa ta yi rawa, ko jirgi ya daina jin rimot na daƙiƙa biyu. Famfo ko bawul ne ya ja wuta farat ɗaya, bolt ya faɗi, mai karɓar saƙon rimot ya mutu ya sake tashi. A ba kayan rimot da sarbo tasu na'urar rage wuta mai bolt 5 da amfiya 3 ko fiye, a gicciya dayod 1N4007 a ƙafafun bawul da na famfo, a sa kafasita mai lamba 104 a kan kowane moto, fiyus kuma dab da batir. Eriyar ta fito sama da layin ruwa, domin saƙon 2.4GHz ba ya ratsa ruwa, ba ya kuma ratsa gangar kwano.

Wannan ya taɓo kayan ganga. Allon roba mai kumfa na masu rubuta allunan talla, kauri milimita 2 zuwa 3 a kan haƙarƙarin filawud mai milimita 6, shi ya fi dacewa da igwar ruwa, domin ba ya ruɓewa kuma ba ya tsagewa da bushewar hunturu yadda katako ke yi a mahaɗa. Kwano yana da ƙarko amma yana cinye kilo ɗayan nan da aka ware wa igwa, sai dai a jirgi mai girman Bismarck.

Idan aka auna duka, mai aikin farko, ko mai yi da ɗalibai, ko wanda ruwan da zai samu na jama'a ne, ya ɗauki Dreadnought a 1:144 ko Aradu a 1:96 da igwar ruwa. Faɗin Dreadnought yana yafe kurakuran nauyi da Graf Spee ba zai yafe ba. Igwar iska ta jira jirgi na biyu, mai kilo tara zuwa sama, da rufaffen wuri da za a iya hana kowa shiga. Ita ma kada a gwada ta kusa da bariki ko makarantun soja da ke garin nan, kuma a nemi izinin masu kula da dam ko tafki kafin a sa jirgi.

Gwajin farko a gida ake yi, a kwatarniyar da aka shimfiɗa wa leda ko tankin masu buga bulo. A sa duk kaya a mazauninsu, tanki cike, batir a ɗaure, a ƙara dalma a can ƙasan ganga har ruwa ya zo daidai layin da aka zana. A juya igwogi duka gefe ɗaya, a karkata jirgin da yatsa kamar digiri 30 a sake. In ya miƙe nan take, ya yi. In ya tsaya yana shawara, nauyin sama ya yi yawa, kuma iskar hunturu za ta ƙarasa shi. A rage gine-gine ko a sauko da sarbo ƙasa, abin da ke saman daɓe kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin jirgin. Sai a bar shi a ruwan minti 30 da busasshiyar takarda a shimfiɗe a ciki, inda ta jiƙe nan yoyo yake, kuma galibi bututun sandar farfela ne da ba a cika da giris ba. Ranar fita waje a cusa soso mai kumfa a hanci da wutsiya, a ɗaura zaren kamun kifi mai mita biyar da ɗan abin da ke yawo a ruwa a kan daɓe, a tafi da doguwar gora mai ƙugiya. Kainuwa tana naɗe farfela jirgi ya tsaya cak a tsakiya, kuma ruwan da ke kwance yana ɗauke da tsargiya, ba a shiga da ƙafa don ɗauko shi.